Sunan Sabon Kwamanda

Mushe Sahabi, tsohon direktan lakwal, wato makarantar boko ta Gure, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara bakin 'ya'yan mutane, ya sake ɗaga murya. "Burema Mahaman. Maimaita, Ya Aisa."

Ya Aisa ta ci gaba da tsinkar yakuwa a faifai, kamar da katanga ake magana.

Al'amarin kuwa ba na wasa ba ne. A shekarar 1993, bayan zaɓe, aka turo sabon kwamanda daga Doso ya riƙe gundumar, kuma a hannunsa injin jan ruwa guda ɗaya yake, wanda matan kwarin Gure da na Kelle ke takara a kansa. Ya Aisa ce shugabar mata masu lambu. Ita za ta yi masa barka da zuwa a amsa-kuwwa, ta ambaci sunansa a bainar jama'a, ta nemi injin. In ta ɓata masa rai, inji ya tafi Kelle, albasar rani ta bushe a rairayi.

"Maganar inji zan yi ta, Mushe," in ji ta. "Sunan kam, sai dai wani bakin."

Mushe Sahabi ya ɗauka Zabarmanci ne ya yi wa harshenta nauyi. Ya gyara zaman tabarau, ya buɗe rumbun iliminsa. Ya bayyana mata cewa Burema ba kome ba ne face Ibrahim da ya sha ruwan Kwara. Asalinsa Ibrananci ne, ma'anarsa uban al'umma mai yawa. Nasara na cewa Abraham, Barebari na cewa Ibram, Bahaushe in yana sauri ya ce Iro, in yana sakayawa ya ce Halilu. Ta zaɓi wanda ya yi mata daɗi.

"Tulu ɗaya ne kake ta sauya wa marfi," ta ce. "Ba na sha."

Ya haɗiye fushinsa, ya koma kan suna na biyu. Ai ɗabi'ar gwamnati ce a kira mutum da sunan ubansa, kuma an ce uban nasa gardi ne, wato dogarin gwamnati, da aiki ya kai yamma tun zamanin Nasara. Mahaman shi ne Muhammadu, wato abin yabo. Ko ta ce Mamman, ko Modu irin na Barebari, ko Mamadu, duk an isa.

Nan ne ta ajiye faifan, ta dube shi ido cikin ido. "Wannan ya fi na farko. Ko wuƙa za a sa mini a wuya."

Ya fita yana kaɗa kai. Ya san taurin kan matar tun ranar da ta zo daga Gidigir, bazawara, ba wanda ya taɓa jin ta ambaci ɗa ko jika. Ko Ibram mahauci, da take sayen nama wurinsa kullum kasuwa, mai wuƙa take ce masa. Mushe Sahabi ya daɗe da sa wannan a babin girman kai.

Kafin la'asar magana ta gama gari, cewa Ya Aisa 'yar jam'iyyar da ta faɗi zaɓe ce, shi ya sa take neman tozarta baƙo. Matan lambu suka cika gidanta. Bintu, mataimakiyarta, ta ce in siyasa za ta kashe musu albasa, to ta sauka a naɗa wata. Ya Aisa ta ce ga shugabancin nan, duk mai so ta ɗauka. Sai dai saƙo ya riga ya zo daga ofishin kwamanda cewa shugabar da kanta yake son ji, ba wakiliya ba.

Ranar taro fili ya cika. Hakimai da malamai da ma'aikata suka yi jawabi, kowa na jan sunan baƙon kamar yana lasar zuma. Mushe Sahabi, cikin babbar rigarsa ta salla, ya miƙa wa Ya Aisa amsa-kuwwa, ya raɗa mata, "Ko Halilu ne, don girman Allah."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta juya wa rumfar manya kafaɗa, ta fuskanci itacen dabino.

"Ku gaya wa wancan yaron," ta ce, muryarta na cika filin, "matan Gure da guga suke kokawa har tafin hannu ya tsage. Ba bara muka zo ba. In yana da kunnen ji, ya kawo inji."

Bintu ta dafe ƙirji. Gardi biyu suka taso, Mushe Sahabi kuwa ya ji albasar garin da mutuncinsa sun bushe tare.

Kwamanda ya ɗaga hannu, gardawan suka tsaya. Ya sauko daga rumfa, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a rairayi da kakinsa, kansa a ƙasa. Ita kuwa ta ƙara kau da kai.

"An ji," ya ce. "Inji zai sauka a kwarin Gure."

Mushe Sahabi ya matso yana haɗa Faransanci da Hausa, yana ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa ya koya mata sunan a harsuna biyar ta ƙi.

Kwamanda ya yi murmushi bai ɗago ba. "Ka wahalar da kanka, Mushe. Ko a harshe ɗari ka kawo mata, Inna ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, balle na mijinta."