Rediyo Mai Ramuka Shida

"Juya mini bayansa," in ji Uwar Biyu. "Ban zo kallon fuska ba."

Mai shagon, wanda ake kira Gemu, ya juya rediyon motar a kan kanta yana tsaki. Wannan ne na huɗu da ta sa ya sauko da shi. Ta duƙa ta leƙa, ta ga ramukan jona waya biyu kacal, ta ture shi gefe.

Ta san abin da take nema. Rediyo mai araha, ba allo, ba fitilu masu rawa, amma da ramuka shida a baya, domin ran da hali ya samu ta ƙara amfilifaya da wufa, na'urorin ƙara ƙarfin sauti, ba tare da ta sake sayen wani ba. Yayanta ne ya koya mata haka, shi da ya yi shekara ashirin yana gyaran wayoyin mota. Shi ya zaɓar mata na farko, shi ya ɗaura mata. Tuna hakan kawai sai da ranta ya ɓaci.

Sati uku ke nan da ta fito da safe ta tarar da rami a mazaunin rediyon motarta, an ɗauke shi. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba. Ko waya ɗaya ba a yanke ba, an zare kowace a hankali an naɗe bakinta da baƙin tef. Maigidanta ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce wannan aikin gwani ne, kuma gwani ɗaya ya sani da ke riƙe da makullin motar na biyu. Dama can jininsu bai haɗu da Yaya ba, kullum ƙorafinsa shi ne an mayar masa da mata bakanike.

A ranar ta je garejin Yaya ta zazzage masa rashin mutunci a gaban abokan aikinsa. Ya ciro makullin ya ajiye mata a kan bonet. Tun daga nan ya daina zuwa gidan, ita kuma ta daina ɗaga wayarsa. Uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage, abin yana cin ta ko da ba ta faɗa.

Yau ma da ƙyar maigidan ya rako ta. Ya ce layin nan ba kayan kirki, su tafi babban kanti ya saya mata mai allo. Ta ƙi. Ya ajiye mota can nesa, ya ce zai jira ta. Ta ce sai dai su shiga tare. A bakin shagon akwai matakala mai girgiɗi da ta kusa kayar da ita, shi kuwa ya tsallake ta ko ƙasa bai kalla ba.

Yanzu yana tsaye jikin ƙofa, ya ja hula har gira, yana ta danna waya.

"Hajiya, mai ramuka shida a wannan farashin sai na hannu," in ji Gemu. "Kuma ba kowa nake nuna wa ba."

"Taso mu tafi," in ji maigidan da ƙarfi. "Na faɗa miki duk tarkacen bola ne a nan. Irin waɗannan ai da ɓarayi suke cin abinci."

Gemu ya ɗago kai. Sai a lokacin ya kalli mutumin sosai, daga hula har takalmi, kallon da ya ɗauki lokaci. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ni ne ke cin abinci da ɓarayi, Alhaji?"

"Da kai nake."

"To madalla."

Ya duƙa ƙarƙashin kanta, ya ture wasu kwalaye, ya fito da wani baƙin rediyo a cikin leda. Ya juya mata bayansa tun kafin ta tambaya. Ramuka shida ne reras. Zuciyarta ta yi sanyi, irin nata ne sak, duk da dai irinsa sun cika gari.

"Gwada mini," ta ce.

"Ba sai an gwada ba," in ji maigidan. "Zafi ake yi, kuma yara na jiran mu."

Gemu ko kallonsa bai yi ba. Ya jawo batirin gwaji, ya maƙala ja da baƙar waya, ya jona ƙaramar lasifika. Fuskar rediyon ta kawo haske. Rediyon ya yi ɗan ƙara sau biyu. Ba wanda ya taɓa komai, sai ga waƙar da take ji a hanya ta ci gaba daga inda ta tsaya, wayarta kuma tana cikin jaka a zuge. A fuskar rediyon rubutu na tafiya a hankali: UWAR BIYU. Yaya ne ya sa wa wayar wannan suna ranar da ya haɗa ta da rediyonta, shi ya sa suka gane juna.

Ta daki kanta da tafin hannu har sukurori suka watse.

"Rediyona ne! Yayana ya kawo maka, ko? Nawa ka ba shi, macuci?"

Gemu ya rage sautin, ya naɗe hannu a ƙirji.

"Ban san yayanki ba, Hajiya. Ni na kwance shi da hannuna, na naɗe wayoyin da tef. Ga wanda ya kawo motar nan a bayanki, ya tsaya a kaina yana cewa in yi aikin da tsabta, yadda duk wanda ya gani zai ce gwani ne."