Muryar Lantana

Tun da ɓarayi suka ƙware wajen kwaikwayon muryar mutane, aka kafa doka cewa kowa ya riƙa kai wayarsa ofishin unguwa duk wata a duba. Ranar Talata Malam Jibo, tsohon tela, ya kai tasa.

Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon allonta kafin ta ɗago.

"Baba, sau goma sha ɗaya aka kira ka da muryar jabu, kuma duk ka ɗauka."

"Na sani, 'yata."

"Muryar wa ce?"

"Ta Lantana ce, mai ɗakina. Bana shekararta biyu da rasuwa."

"Allah ya jiƙanta. Sun nemi lambar sirrinka?"

"Kullum sai sun nema, ban taɓa ba su ba. Sai in ce na manta, ta ce in yi ƙoƙari in tuna, daga nan mu shiga hira. Har takan tambaye ni ko na ci abinci."

"Wata rana bakinka zai kuɓuce, Baba. Dole ne in toshe layin da ake kiranka da shi."

Bai yi mata gardama ba. Ta danna abin da za ta danna, ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya sa ta a aljihu, ya lalubi sandarsa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Bayan la'asar take kira," in ji shi. "Ban yi mata sallama ba. Wancan karon ma, ranar da ta rasu, ban samu yi ba."