Saurayin da Ya Kwashe Muryar Mai Gwanjo

Ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wani saurayi mai bakin aku, wanda ya ƙulla a ransa sai ya zama mai gwanjo. Sai ya liƙe wa wani tsoho da ke kiran gwanjon tsofaffin kaya a bakin kasuwa, irin su gadon ƙarfe da keken ɗinki, har da fankar da sai an tura ta da yatsa take juyawa. Tsohon kan hau kifaffen turmi da ƙararrawa a hannu. Kafin damina ta fita, saurayi ya kwashe muryarsa tsaf: yadda yake jan "Wa zai ƙaraaa?", yadda yake yi wa fasasshiyar tukunya kirari sai ka ce amarya, har da ɗan tarin da goro ke sa shi. In ya yi a bayan rumfa, sai ka rantse tsohon ne. Ranar da mura ta shaƙe tsoho, ya miƙa masa ƙararrawa ya ce ya hau. Kayan farko keken ɗinkin wata mata ne. Gogan naka ya ɗaga kai sama, ya lumshe ido don daɗin muryarsa, yana ta zuba kira, kasuwa na dariya da tafi. Wani mai ƙaton murya ya taya, saurayi ya kaɗa ƙararrawa ya sallama masa. Ashe can gefe wani tela ya yi ta taɓa hularsa har ta karkace, shi da ya zo da niyyar biyan ninki. Tela ya ja tsaki ya wuce, mai keke ta tafi tana Allah ya isa. Tsoho ya karɓe ƙararrawarsa, ya ce da dusasshiyar murya, "Ɗana, muryata ka kwashe, ka bar mini idanuna. Dama ɗaya ta rage maka. In ka ɓata ta, ka je ka bi maroƙa."

Saurayi bai karaya ba, ya san turmin nan nasa ne. Ya riƙa cika kumatunsa da goro don kada baki ya yi masa ƙaiƙayi, ya tsaya bayan tsoho kasuwa bayan kasuwa yana kallon abin da yake kallo. A nan ya gane manyan masu saye ba sa tayi da baki, don kada abokin hamayya ya san sun ƙwallafa rai. Wannan sosa kunne yake yi, wancan ɗaga gira, wata hajiya kuwa gyara mayafi ne tayinta. Ranar gwaji saurayi ya sake hawa turmi, aka kawo injin markaɗe duk tsatsa. Tayi ya hau, ya hau, ya tsaya a kan hajiyar nan. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya shuri injin da ƙafa ya ce, "Wannan gawar? Ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da kuɗin dako!" Ya juya kamar zai tafi. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, har tsoho ya yi alamar a kaɗa, don hajiya ta fara duban hanya, in ta tafi kuwa an yi biyu babu. Saurayi ya riƙe ƙararrawar gam. Ya ga fuskar mai tumbi ta ƙi bin bakinsa: gumi ya tsattsafo a goshi, maƙogwaro na hawa da sauka, wutsiyar ido na kan injin kamar kyanwa ta hango kifi. Sai ya ajiye muryar aro, ya yi magana da tasa a hankali: "Alhaji, yanzu fa za a ɗauki gawar nan." Can sai hannun mai tumbi ya tashi a sace, ya sosa kunne. Hajiya ta fizgi mayafi, Alhaji ya sake sosawa, haka suka yi ta yi har kunne ya yi ja, mai injin kuwa baki har kunne. Da saurayi ya sauko ya miƙa ƙararrawa, tsoho ya zura hannayensa cikin aljihu ya ƙi karɓa. Da ma Hausawa sun faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska.