Abin da Sabon Aji Ya Gada

Wata uku ke nan Injiniya tana shiga ofis a bayan mutane, don ba ta da katin ƙofa. Kullum da safe sai ta laɓe gefen ƙofar ƙarfe, da zarar wani ya taɓa katinsa ta yi wuf ta manne masa a baya kamar jakar goyo. Ranar da ta makara, rabin awa ta yi a tsaye tana yi wa maigadi murmushin dole. Abin yana ci mata rai ba kaɗan ba.

Matsalar daga manhajar kwamfuta da kamfani ya sayo daga waje take. Ita ke kula da ƙofa, da sito, da komai, kuma kowane abu da ajinsa a cikinta: ga ajin Ma'aikaci, ga ajin Kaya. Ajin Ma'aikaci mutum hamsin yake ɗauka, ya kuma cika tun kafin a ɗauki Injiniya aiki. Taɓa manhajar kuwa neman magana ne. Wanda ya riƙe kujerar Injiniya a da ya gwada canza layi ɗaya, ƙofofi suka ƙi buɗewa kwana biyu. Da suka buɗe, shi aka fara rakawa waje, nan take aka cike gurbinsa a ajin da wani ma'aikaci.

Ranar Talata manaja ya kira ta ofishinsa.

"Gurabe uku nake so ki ƙara wa ajin Kaya: ranar haihuwa, rukunin jini, da lambar wayar dangi. Kada komai ya lalace. In kin yi, gobe kati na hannunki."

"Ranka ya daɗe, wace kujera ce ke da dangi?"

"Ke dai yi aikinki."

Ta kuwa yi, aiki mai kyau ma. Ko harafi ba ta taɓa ba a manhajar mutane. Wani sabon aji ta ƙirƙira wanda ya gaji ajin Kaya kaf, da gurabensa da dokokinsa, sannan ta ɗora sababbin gurabe uku a kai. Duk abin da aka saka a ciki, tsohuwar manhaja za ta karɓe shi kamar sauran. Ta gwada fankoki, ta gwada firinta, ta gwada kujeru ɗari huɗu, babu wanda ya yi ko tari. Sai da ta tafa wa kanta.

Da yamma mai sito ya ratso ta gaban teburinta da littafinsa a hammata. Ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaya ko akwai inda ke mata ciwo. Ta ce lafiyarta lau. Ya yi 'yar alama a littafin ya wuce.

Washegari maigadi ya miƙa mata kati sabo fil. Ta taɓa, fitila ta kawo kore, ƙofa ta buɗe mata ita kaɗai. Don murna har ƙwalla ta yi.

Ƙarfe biyar ita ce a gaban layin fita, yau ita za a bi a baya. Ta taɓa kati da yanga. Jiniya ta ɗauka, fitila ta yi ja, ƙofa ko motsi. Ta sake taɓawa, haka. Mutum hamsin suka yi cirko-cirko a bayanta.

Maigadi ya leƙa allonsa, ya sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, Injiniya. Wallahi ba ni da iko, sai da takardar mai sito."

Ta duƙa ta leƙa allon. Ga hotonta tana murmushi, a ƙasa an rubuta: "Kaya mai lamba 412. An hana fita da shi daga harabar kamfani."