Yabon da Ake wa Girgis

"Madalla, Girgis!" in ji Ustaz Nabil, malaminmu na celo, babban gogen nan da ake kafawa tsakanin gwiwoyi. Sannan ya juyo kaina, ya kira ni da Usta, laƙabin masu sana'ar hannu. "Kai kuma Usta Hamdi, nan ba shagon waldarka ba ne. Sassauta hannun nan!"

Tare muka fara koyo a unguwar Shubra, ni da Girgis mai gasa burodi. Shi kullum yabo, ni kullum faɗa. Wallahi sautinsa kamar ƙofar da ta yi tsatsa, amma ko yatsansa ba a taɓa gyarawa ba. Abin ya ci ni, har na daina sayen burodinsa.

Ran nan na ce na bar koyon ke nan. Na saɓa celona na fito, sai ga Girgis a matakala, idonsa jawur.

"Sai ka ji daɗi, ɗan gaban goshi," ya ce. "Na daina zuwa."

"Ni ne ɗan gaban goshin? Kai da ake yabo?"

"Yabon me! Na tambayi Ustaz don me ba ya gyara mini. Ya ce ba ya ɓata bakinsa a kan wanda ba zai iya ba."

Na juya na koma ciki, a ci gaba da zagina.