Marin da Kaka ta gwada a ƙafata

Ina da shekara tara Mama ta kai mu gidan tarihi a Washington, ni da Kaka, wadda ta zo daga Filato ganin ƙanwata da aka haifa. A cikin wani akwatin gilashi na hango zobba biyu na baƙin ƙarfe, ƙanana, duk sun yi tsatsa. Na zaci irin munduwar da Kaka ta kawo wa jaririyarmu ce. Da murna na ja zanenta.

"Kaka, ga irin taki!"

Mama ta karanta rubutun da ke ƙasa, ta gaya mata a hankali cewa mari ne. Shi ake sa wa yaran da aka kamo a zamanin cinikin bayi, kafin a loda su a jirgin ruwa.

Kaka ta haɗa yatsu biyu daidai faɗin zoben, ta sunkuya ta zagaye idon sawuna da su. Ya zauna cif.

"Wani ya zauna ya hura wuta," in ji ta. "Ya gwada ƙafar ɗan mutane, ya ƙera wannan, sannan ya wanke hannu ya ci tuwo. Tir!"

Yau a garin Bowie, kusa da Washington, duk sanda na durƙusa zan ɗaura wa 'yata takalmi, hannuna ya kama ƙafarta, sai zuciyata ta tafasa. Kada wanda ya ce min ai abu ya wuce. Maƙerin ma ban yafe masa ba, balle wanda ya ba shi aikin.