Guntsin Ruwan Gulbi

Tun da aka kafa dokar kare gulbi, ko ɗigo ba ya fita daga cikinsa. An toshe hanyoyin ban-ruwa, an zagaye gaɓa da waya, aka bar ruwan ga dorina da tsuntsaye da baƙi masu yawon kwalekwale. Mutanen gari kuwa, tanka ke kawo musu nasu.

Da safiyar nan Dantani masunci ya cika. Wasiyyarsa ɗaya ce: a zuba ruwan gulbi cikin ruwan wankan gawarsa, kamar yadda aka yi wa kakanninsa. Matarsa Tasalla ta zame daga cikin masu makoki, ta ɗaura zane uku, ta bi ta ƙofar masu iyo. Ta nutse har ka, baƙi suna ta ɗaukarta hoto.

A bakin fita, Ilu mai gadi, wanda Dantani ya koya wa jefa birgin kamun kifi, ya tare ta, kansa a sunkuye.

"Inna, sai an matse. Na'urar tsaro na kallonmu."

Ta tsaya kan magudanar da ke mayar da ruwa gulbi, ta matse zannuwan tas, har da kallabi.

Ilu ya buɗe ƙofa. "Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

Ya jira amin, shiru. Da ya ɗaga ido sai ya ga kumatunta cike da guntsin ruwan gulbi, hawaye na bin kansu.

Ya juya wa na'urar baya, ya ce amin ɗin da kansa.